Yarinya ta Huɗu

Damina ta uku ke nan ina hawa benen nan
na bayan kasuwar kifi a Talasseri,
inda tsoho Velayudhan ke tsaron takardu,
laima a hammata, tari a ƙirji.
Kullum sai ya ce, "Yi sauri, 'yata,
gara ta riga ki fara karatu,
kuma ita ba ta tashi cin abinci."

Akwati na sha bakwai, ɗaure da igiyar kwakwa.
Fostoci sun manne da juna don laima:
damisa mai ido ɗaya, ɗayan an ci,
wani ƙato ya ɗaga keke da haƙori.
Tantin Tauraron Teku, dare uku kacal,
yara rabin kuɗi.

Ba su na zo nema ba.

Chirutha nake nema, kakata,
wadda ta shekara sittin tana ɗingishi zuwa rijiya,
in an tambaye ta, ta ce, "Mangwaro na hau."
Sai ranar da aka naɗe tabarmarta
muka tsinci takalmin yadi a cikin matashi,
ƙafa ɗaya, ƙyalƙyalin ya zube,
shatin igiya kwance a tafinsa.

Ga kundin kashe kuɗi, tawada ta koma kalar shayi.
Magatakardan mai kyan hannu ne,
bai manta da kowa mai tsada ba.
Ammini, giwa: rake dami goma, man shafa ƙafa.
Biri ma da sunansa, har da kuɗin hula.
Can ƙasa, tsakanin kananzir da sabulu:
'yan matan igiya, shida, shinkafa mudu biyu.
Ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku.
Lamba tsurarta, kamar kujerun 'yan kallo.

Na bi su gari-gari da idona,
Mangalor, Maisur, jirgin ruwa zuwa Kolombo.
Ga takardar 'yan sanda kan ganga bayan tsakar dare,
ga mai fili na kuka giwa ta cinye masa shinge,
ya rantse har da gonar maƙwabci.
Na yi dariya ni kaɗai, ƙura ta shaƙe ni.

Sai shafi na ɗari biyu da tara.

"Ta huɗu ta faɗo daren Laraba.
Raga tana wajen ɗinki.
An ci gaba da wasa.
Mai ɗori, rufi biyu, a cire daga nata.
Jirgin ƙasa zuwa gida, a cire daga nata."

A gefe, dangwalen babban yatsa,
bai fi ƙwayar gurjiya ba,
tabo ya ratsa tsakiya ya raba zanen biyu.
Na san tabon nan.
Ya sha tura mini shinkafa a baki,
ya sha murɗe mini kunne a kan ƙarya.

Doka ta hana taɓa takarda da hannu tsirara.
Velayudhan ya dube ni, ya dubi shafin,
ya juya baya, ya hau gyaran fanka
wadda ba abin da ya same ta.
Na ɗora nawa yatsan a kan nata.
Nawa ya rufe shi, har da saura.

A jami'a za su ce tabo ba hujja ba ne,
wadda ta san shi ita ce mai da'awa.
To. A ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe,
zan rubuta: mai yiwuwa Chirutha ce.
"Mai yiwuwa" ta ishe ni wurin zama.

Ruwa ya tsananta, kifi ya yi arha a ƙasa,
tsoho yana kaɗa makullai, biyar ta gota.
Ni kuwa ina ƙirga sauran:
ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta biyar, ta shida,
kowacce da mangwaron da ta ce ta hau.

Na ce, "Baba, gobe akwati na sha takwas."
Ya ce, "In gara ta rage mana."